Ranar da na yi wa Kwamanda ruwan bula

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kunyata kaina a gaban soja ba. Ina sabon malamin kimiyya a wata kwaleji a Tawa, shekarar da fari ya ƙone gonaki har Affala. Aka ce wani Kwamanda zai kawo ziyara, ni kuwa na rantse wa darakta zan nuna yadda ake haihuwar hadari.

Na karanta dabarar a littafi: a zuba ruwa a daro, a sa gwangwanin ƙanƙara a tsakiya, a ɗumama gefen, a juya a hankali. Ruwan sama-sama zai fi na ƙasa gudu, kamar iskar sararin samaniya, har ya lanƙwashe ya fashe zuwa ƙananan guguwa. (Littafin ya ce a hankali. Idona ya tsallake wurin.)

Na aro garmahon maƙwabcina Mushe Pol (Mushe, wato Malam da Faransanci), na ɗora daron inda ake sa faifai, na zuba bular wankin matata don a ga tafiyar ruwan. Ban gwada ba, don ina ganin masani ba ya gwaji.

Kwamanda ya shigo da kaki mai kaifin guga. Na yi jawabi da Faransanci har ina ɗaga yatsa.

Ya ce, "To Mushe, mu gani."

"Ranka shi daɗe, matso kusa," in ji ni. (Ni da bakina!)

Na murɗa makunnin garmahon. Ashe Mushe Pol ya bar garmahon a kan gudu mafi sauri. Daron ya yi rawa, gwangwani ya yi tsalle, ruwan ya tashi gaba ɗaya ya sauka a ƙirjin Kwamanda. Ƙanƙara guda ta faɗa masa cikin aljihu.

Darakta na salati ƙasa-ƙasa, ni kuma har na fara hango an cilla ni wata makaranta can bayan rairayi.

Kwamanda ya dubi rigarsa, ya ce, "Wata goma muna roƙon ruwa, ashe yana wurinka. Gobe a kai ka ƙauyen Tebaram ka yi musu."

Dariya ta ɓarke. Ba a kore ni ba, amma har na yi ritaya sunana Mushe Hadari. Tun ranar, in zan nuna ilimina, ni nake tsayawa kusa da daro, manya kuma in roƙe su su ja baya.