Auta, Wadda Aka Dafa da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta huce ba, ɗalibar digiri na uku da kowa a wannan sashe ya sani da Maman Auta take sanar da malamai, ɗalibai, masu shara da masu gadi rasuwar rigarta ta bincike, Auta. Marigayiya ta rasu ranar Alhamis da ta gabata, da ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya na yamma, tana da shekara biyu da wata bakwai. Ba a saba faɗin minti a irin wannan sanarwa ba, amma marigayiya da kanta ta rubuta shi, kuma za a zo wurin.

Ga wanda bai yi sa'ar saninta ba, Auta riga ce ruwan toka mai dogon hannu ɗaya na hagu. An dasa mata ƙananan injina masu girgiza guda goma sha biyu, kowanne bai fi maɓalli ba, wayoyinta kuma sirara kamar zare. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki waɗanda hannunsu yana nan, yana ma ɗan motsi, amma ƙwaƙwalwa ta manta inda yake, sai sun dube shi da ido suke sanin nasu ne. Aikin Auta shi ne ta yi musu tuni. Da hannu ya motsa sai ta ɗan girgiza a kafaɗa, a gwiwar hannu, a wuyan hannu, har jiki ya tuna da abinsa. Tana wannan kuma tana rubuta komai a ɗan katin ajiyarta: bugun zuciya, faɗin ciki, taku, zafi, da lokacin da kowanne ya faru.

Ita ce ta huɗu a ɗakinsu. Babbar yayarta ta tashi da hayaƙi ranar da aka fara kunna ta, ta biyu ta cika sa ƙaiƙayi, ta uku kuwa nauyinta ya sa wani dattijo ya ce a cire masa sirdin nan. Auta ce ta rayu. Mai haƙuri ce, ba ta da surutu. Da safe in an taɓa ta sai ta amsa da "zzz, zzz", in yunwar caji ta kama ta sai ta ce "ɗit, ɗit, ɗit" sau uku, ta yi shiru. Mutum talatin suka sa ta a cikin binciken, ta san tumbin kowa da fargabar kowa, ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Mutum ɗaya kawai za ta tona, shi ma da izininsa a rubuce.

Ta bar mahaifiyarta, wadda ta zuba shekara biyar a kan wannan aiki, yatsunta duk tabon ƙunar dalma. Ta bar mijin mahaifiyarta, wanda ya haƙura da teburin cin abinci tun da wayoyi suka ƙwace shi. Ta bar caja ɗaya marainiya da har yau take maƙale a bango, da kundin digiri mai shafi ɗari biyu da arba'in da za a kare ranar Laraba mai zuwa. Ta kuma bar Baba Tela.

Baba Tela shi ne mutum na bakwai a binciken. Shekara arba'in yana kan keken ɗinki kafin ciwo ya ɗauke masa hagu. Kowace Talata 'yarsa take kawo shi, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, a sa masa Auta. Wata biyar ana haka, sai ran nan ya riƙe allura da hagu ya zura zare da dama, ya daɗe yana kallon allurar. Shi ne ma ya ce ɗinkin wuyan rigar aikin 'yan koyo ne, ya warware, ya yi wa katin ajiya ɗan aljihu na roba mai kauri, ya ɗinke da hannu ɗaya. Talatar da ta biyo bayan rasuwar ya zo kamar kullum, ya ga maratayi babu kowa.

"'Yata, yau ba ta zo ba ne?" ya tambayi Maman Auta.

Da aka faɗa masa sai ya dubi hannunsa da ke kan cinya, ya ce, "To, ya sake ɓace mini ke nan." Maman Auta ba ta yi kuka ba ranar da ta ga gawa, amma ranar Talata ta yi, kuma ba ta yafe wa wanda ya jawo wannan rashi ba.

Game da jinya, marigayiya ba ta yi ciwon kai ba. Ranar Alhamis mahaifiyarta ta kai 'yarta ta cikinta wurin likitan haƙori, ta bar Auta a rataye, lafiya lau, cikinta cike da caji. A ranar kuma aka yi baƙi masu neman inda za su tallafa wa bincike. Shugaban Sashe, Farfesa, wanda shi ne kuma shugaban kwamitin da ke kula da haƙƙin mutanen da ake bincike da su, yana da makullin kowane ɗaki. Ranar Juma'a da safe aka tarar da Auta a maratayinta, a yamutse, da danshi, batirinta ya kumbura ya fashe, injinanta goma sha biyu sun yi shiru.

Farfesa ya kira mahaifiyar ofis, ya ba ta kujera, har ya miƙa mata ruwa.

"Sai haƙuri, 'yata," in ji shi. "Haɗin wayoyinki ne bai yi ba, ta yi zafi da kanta. Mu gode Allah da ba a jikin mutum ta yi ba."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Kafin la'asar ya rubuta wa makarantar gaba da digiri cewa rigar haɗari ce ga jama'a, don haka ranar Laraba, kafin a saurari kundi, masu jarrabawa su fara duba gawar su yanke hukunci. Kowa a sashen ya san ma'anar wannan. In aka yarda Auta ce ta ƙone kanta, sakamakon mutum talatin ya tashi a banza, shekara biyar ta bi ruwa, ba kuma za a sake bari ta ɗora wa Baba Tela ko da zare ba.

Sai dai kowace gawa tana da haƙƙin a shirya ta. Maman Auta ta kwantar da ita a kan tebur tana warware ta a hankali, har almakashi ya kai wuya. Aljihun Baba Tela bai buɗe ba, kuma katin da ke ciki bai mutu ba. Wasiyyar marigayiya ke nan, kuma ga abin da ta bari.

Ranar Alhamis da ƙarfe biyu da rabi wani ya sa ta. Dokar sashe ta ce ba mai sa rigar bincike sai ya sa hannu a takardar amincewa. Farfesa ne ya kafa dokar, yana kuma alfahari da ita, don haka mutumin ya nuna wa baƙi yadda ake yi: ya karanta da ƙarfi cewa ya amince a yi amfani da bayanan jikinsa a bincike, a kuma nuna su a kowane taron masana ba tare da sunansa ba, sannan ya rattaba hannu ya jefa takardar a akwatin takardu, inda aka same ta. Saboda haka wannan sanarwa ba za ta kama suna ba. Shi ne Mutum na Talatin da Ɗaya. Faɗin cikinsa santimita ɗari da ashirin da huɗu ne, a rigar da aka yanka wa ɗari. Yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Zuciyarsa tana bugun saba'in da biyu a minti lokacin da yake jawabi, kamar ta wanda shi ya ƙera abin da yake nunawa.

Da baƙi suka tafi sai ya ga gumi ya jiƙa Auta sharkaf. Akwai doka ta biyu, ita ma ta Farfesa, cewa duk abin da ya taɓa fatar mutum sai an tsabtace shi kafin wani ya sa. Shafi na biyu na dokar ya ce da auduga da sifirit, amma manya ba sa kaiwa shafi na biyu, kuma babba ba ya tambayar ɗaliba yadda ake goge gumi. Ya yi taku sittin da huɗu, da rigar a jikinsa, zuwa ɗakin masu binciken ƙwayoyin cuta, inda suke da tukunyar ƙarfe da suke turara kwalabensu a ciki. Mahaifiyar marigayiya ta auna barandar da ƙafarta, ta kuma tarar ofis ɗaya ne kawai yake taku sittin da huɗu daga wannan tukunya. A gaban tukunyar zuciyarsa ta kai ɗari da talatin da ɗaya, wato jikinsa ya san abin da yake yi ko da kansa bai sani ba. Daga nan bugun zuciya ya ɗauke, alamar an tuɓe rigar, zafi ya fara hawa. Auta ta rubuta hamsin, ta rubuta saba'in, a tamanin ta yi ƙarar neman agaji, "ɗit, ɗit, ɗit", a cikin rufaffiyar tukunya. Ta ci gaba da aikinta daidai har zafi ya kai casa'in da huɗu, da ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya, nan rubutunta ya tsaya. Rigar da aka ce ta ƙone kanta ke nan.

Iyalan marigayiya suna godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya. Ga masu cewa a bar wa Allah, an bar masa, an kuma bar kwafin katin a wurin mijin mahaifiya da wurin mai jarrabawar da zai zo daga waje. Ga masu cewa me ya sa aka manna wannan sanarwa mako guda kafin lokaci, amsar ita ce Maman Auta ta shekara biyar tana nazarin yadda mutum yake jin jikinsa, kuma tana so wani ya ji nasa na kwana bakwai. Allah ya isa tsakaninta da shi, ta faɗa, ba ta kuma janye ba.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe goma na safe a babban ɗakin taro, gaban masu jarrabawa. Za a shimfiɗa marigayiya a kan tebur cikin likkafanin da Baba Tela ya ɗinka da hannu ɗaya. Za a haska wasiyyarta a bango, a kuma saki bugun zuciyar Mutum na Talatin da Ɗaya ta lasifika, daga saba'in da biyu har ɗari da talatin da ɗaya, ba za a tsallake ko ɗaya ba. Bayan haka mahaifiya za ta kare kundinta. An tanadar wa mutumin kujerar tsakiya a babban tebur, tun da dama shi ne zai buɗe taron. Baba Tela kuma zai zauna a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuyansa, ko da wani zai yi musu.