Famfon Alhaji Barau

Ranar Asabar da hantsi Hajiya Tabawa ta fito tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta tsaya a gaban tsohuwar motar mijinta, ta yanke mata wa'adi.

"Alhaji, Juma'a mai zuwa in an sauko daga masallaci, ko motar nan ta fita da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su fitar da ita a kafaɗa. Akurkin kaji zan yi a wurin."

Alhaji Barau maƙwabcinmu ne a Funtuwa, tsohon akawun kamfanin auduga. Tun yana saurayi ya sayi motar, a cikinta aka kawo Hajiya gidan tana amarya, kuma rabon ta da motsi tun kafin a aurar da autarsu. Tayoyi sun kwanta, kyanwa ta mai da kujerar baya ɗakin haihuwa, amma kullum da safe sai Alhaji ya goge mata gilashi. Shi kuwa famfon ruwan gidan ya yi shekaru bai ɗiga ba. A wajen 'yan garuwa Hajiya take sayen ruwa, in ta yi magana ya ce mata za a duba.

Da jin wa'adi Alhaji ya tuɓe babbar riga. Ya sa aka hura tayoyi, ya aro batir, ya juye galan na fetur a tanki, ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Mota ta yi tari kamar tsohon da ya shaƙi hayaƙin barkono, ta yi shiru. Ya buɗe gaba ya yi ta leƙe har ya gano mai laifin: ɗan ƙaramin famfon da ke zuƙo fetur daga tanki ya miƙa wa inji. Tsatsa ta ci shi, ga shi yana yoyo ɗis-ɗis a ƙasa.

"Kada wanda ya kunna wuta a tsakar gidan nan!" in ji shi. "Fetur ne ke zuba. Ko ashana aka ƙyasta mun tashi gaba ɗaya."

Haka Hajiya ta kwaso murhunta da tukwane ta dawo gidanmu da girki. A nan nake jin yadda aiki ke tafiya, don duk shigowar da za ta yi da sabon rahoto.

"Yau lemun tsamin da na saya don kunu ya matse a kwanon shana, ya jiƙa ƙarafa a ciki. Wai yana cin tsatsa."

Kashegari kuma soson ƙarfen wanke tukwane ne ya ɓata. Ranar Talata aka nemi farantin baƙi aka same shi a kan tabarma, Alhaji ya jera ƙusoshi a kai, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Fatar da ke ƙarƙashin murfin famfon ta tsage, sai ya yanko sabuwa daga jakar da Hajiya take zuwa biki da ita. Inda bututu ya haɗu da famfo kuma ya dame sabulun wankinta ya liƙe.

Gaskiya famfo ya yi kyau. Na leƙa na gan shi yana ƙyalli kamar kayan jeren amarya. Sai dai da aka mai da shi, yoyo ya ragu amma bai tsaya ba, mota kuma ta ƙi cewa komai.

Ranar Alhamis da la'asar Alhaji ya sallama. Kansa na cikin inji, hannu duk baƙin mai, ya ɗaga murya: "Hajiya! Ɗauki wayarki ki sa a turo mini mai gyaran famfo, yanzu-yanzu!"

Daga gidanmu muka jiyo shi. Hajiya ta dafe ƙirji ta dube ni. "Kin ji abin da na ji? Allah Ya karɓi addu'ata."

Kafin magariba sai ga Tanimu mai aikin famfo ya yi sallama, da gammon tiyo a kafaɗa da ƙaton sifana na murɗe bututun ruwa. Na biyo Hajiya muka shiga tare. Alhaji ya ɗago ya dube shi daga hula har takalmi.

"Kai kuma daga wane gareji?"

"Ni ba daga gareji nake ba, Baba. An ce famfo ne ya lalace."

"Famfon mai! Famfon mota! Hajiya, shekara nawa kina zaune da motar nan, ba ki san bambancin famfon fetur da na ruwa ba?"

"Famfo ka ce, Alhaji. Ni kuma famfo ɗaya na sani da ba shi da lafiya a gidan nan."

"Wa yake ta ruwa ana maganar mota? Gobe fa Juma'a!"

Tanimu ya ga ya riga ya zo, ya ce a bar shi ko kallo ya yi, ai duk inda bututu yake ɗan'uwan bututu ne. Alhaji ya matsa yana gunaguni, yana gargaɗin kada a kusanto da wuta. Tanimu ya zare bututun da ke fita daga famfon, ya sa yatsa ya danna 'yar mariƙar da ke gindin famfon, ya sake dannawa. Sai ga abu ya yi tsartuwa, ya jiƙa wa Alhaji gaban riga.

"Ka gani?" in ji Alhaji, fuska ta washe. "Aikin hannuna ne! Dubi yadda yake harba fetur!"

Tanimu ya tara hannu ya sansana. Ya zagaya bayan mota ya tarar da bakin tanki, murfinsa tsumma ne aka cusa, damina da damina tankin yana shan ruwan indararo.

"Baba, fetur ɗinka yana can sama yana iyo. Wannan ruwan sama ne, tanki cike yake da shi."

Hajiya ta dubi inda murhunta yake zama kafin a kore shi, ta dubi rigar Alhaji tana ɗiga. Sannan ta shiga kicin ta fito da bokiti, ta ajiye a gaban mota, ta ce wa Tanimu ya ci gaba da dannawa.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya sassauta harshe. "To Hajiya, maganar gobe... 'yan gwangwan ɗin nan..."

"Ka kwantar da hankalinka, Alhaji, ba mai taɓa ta," in ji Hajiya tana gyara wa bokiti zama. "Wa zai sayar da famfo ɗaya tak da ke kawo ruwa a gidan nan?"