Mai Cinye Kifin Kaka

Da tsohon ya bar aiki, sai ya gina kwamin siminti a bayan gida ya zuba 'ya'yan tarwaɗa. Duk sanda ya hango fili a ruwan sai ya ƙaro wasu. Yanzu kifin raguwa suke yi, ba gawa, ba ƙaya. Jikarsa ta dawo daga aikensa da sababbin 'ya'yan kifi a bokiti, ta tarar da shi nesa da kwamin, riƙe da taɓarya.

"Lafiya lau na dawo, angona. Yau kuma da taɓarya ake tarbar amarya?"

"Rage murya, mummuna. Yana jinki."

"Wa?"

"Mai cinye min kifi. Ɗazu ruwan ya dare, na ga wani baƙin baya, kaurinsa kamar cinyata."

"Cinyarka ai sillen kara ce. Tsutsa ka gani."

Ba ta rufe baki ba koren ruwan ya motsa, wani abu ya daki siminti, tim! Sai ga amarya a bayan ango, ta cukuikuye masa riga.

"Kaka, kada ne?"

"Au, yanzu na koma Kaka? Kada ta ina, ta famfo? Ni dai ruwa ba ya tsami banza. Je ki juye na bokitin, ko ya ƙoshi ya bar mu."

"In kai hannuna can? Kai da ka ce ka taɓa shaƙe kura?"

"Kurar ba ta cikin ruwa."

Ruwan ya sake juyawa a hankali, ƙananan kifi suka yi ta tsalle kamar ana korarsu. Ta ce, "Mu zare toshiyar bututun fitar da ruwa. In ruwan ya janye mu ga ko mene ne."

"Zare. Ina nan bayanki."

"Bayana, ko bakin ƙofa?"

Ta zare ta yi baya da gudu. Ruwa na sauka, tsohon na karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Can sai ga gashin baki, sai ƙaton kai. Tarwaɗa ce jibgegiya, da wutsiyar ƙanwarta a baki.

Jikar ta sauke ajiyar zuciya. "To ga aljaninka, kai ka raine shi. Wuri bai ƙaru ba, gwangwanin abinci bai ƙaru ba, kullum sai ƙaro baki kake yi. Wadda ta riga sauran girma ta ci me, siminti?"

"Ashe ɓarawon na gida ne! Ai na ɗauka yawa shi ne arziki."

"Shi ya sa ka tara jikoki kana ba mu alewa ɗaya mu raba. Ka gode Allah ban cinye ƙannena ba."

"Wa ya sani? Na kwana biyu ban ga autanku ba."

"Na bokitin nan dai ba za su shiga ba, sai ka ware manya, ƙananan kuma ka nemo musu baho."

Tsohon ya jingine taɓarya yana dariya.

"Na ji, kin ci. Ƙatuwar nan na ba ki, ita ce sadakinki."

"Na karɓa. Kamo min."

"A'a, amarya. Kyauta a inda take ake ɗaukarta."