Ranar da Na Gyara Tabaran Sanusi

Har yau ina nan a kan bakana: taimako na yi.

Ƙanen matata, Sanusi, ya buɗe gidan kallo a Shagari, ya sayo tabarau na kwali saboda irin fim ɗin nan da hoto ke fitowa kamar zai taɓa mutum. Ya ajiye su a shagona na ɗinki a Bodinga, ya tafi ɗauko janareta. Ina dubawa raina ya ɓaci. Kowane tabarau ido ɗaya ja, ɗaya shuɗi! Lallai an cuce shi. Ni da ban taɓa barin hannun riga ya saɓa da ɗan'uwansa ba? Na ɗauki almakashi da gam, na haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi.

Bayan la'asar na bi shi Shagari, ɗakin kallo ya cika, har da maigari. Aka kunna, babu abin da ya fito. Rabin mutane na ganin duniya ja, rabi shuɗiya. Maigari ya cire nasa, ya fita.

Sanusi ya dafe kai. "Yaya, mi ka yi? Hoto biyu na bisa allon ga! Jan ya ba ido guda nashi, shuɗin ya ba gudan, sannan ƙwaƙwalwa ta haɗa su."

Na ce, "To, wa ya hana su rubutawa a jiki?"

Yanzu duk Bodinga Likitan Ido ake kirana. Ko tuwo matata ta kawo da miya kala biyu, sai ta ce, "Malam, haka aka yi shi, kada ka gyara."