Ranar da Shugaba Ya Hau Inji

Duk yankin nan babu wanda ya san injinan zamani kamar Shugaban cibiyar horar da ma'aikatan masana'antu. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Kwas ɗin kwana uku ya taɓa zuwa, ya dawo da satifiket mai faɗin tabarma. Tun daga ranar ba ya cire hular kwano, ko a ofis, ko wajen shan shayi. Ɗalibai suka laƙaba masa Baban Ƙarfe.

Saboda tsananin ƙaunarsa ga injinan cibiyar, sai ya sa aka lulluɓe su da leda, ya hana kowa taɓawa. Ɗalibai arba'in sukan tsaya a bayan jan layi suna kwaikwayon ƙarar injin da baki, shi kuma yana ba da maki.

"Kai, ƙararka ta tsohon yayi ce," in ji shi. "Injin zamani ta hanci yake kuka."

Sai ya tafi cin abincin rana, wanda kan ɗauke shi awa uku, sannan tsohon makanikin cibiyar ke yaye ledar ya koya musu aikin a gaggauce.

Rannan manajar wata masana'anta ta zo ɗibar ma'aikata. Yawancin ɗaliban sun shekara biyu ba aiki, wasunsu da iyali, don haka kowa ya matso gaba. Shugaba ya ce a ja da baya, shi zai fara gwaji. Ya nufi wani sabon inji mai kujera da aka kawo jiya, ya shafa shi kamar doki.

"Ranki ya daɗe, wannan yana yanka ƙarfe siriri kamar gashin jariri. Mu uku kaɗai muka iya shi a duniya, biyun sun yi ritaya."

Makanike ya yi gyaran murya, aka harare shi, ya koma gefe. Shugaba ya haye, ya danna koren maɓalli. Inji ya zabura da shi yana feshin kumfa. Ashe na wanke daɓe ne. Sau tara ya zagaya zauren, Shugaba na ƙanƙame da sitiyari yana bayani duk lokacin da ya gifta ta gaban baƙuwa, har batir ya ƙare.

Manaja ta share hawayen dariya, ta ce makanike ya yaye ledoji. Ɗalibai suka yanka ƙarfe, suka auna, ta ɗauki talatin da ɗaya nan take.

Shugaba ya sauko, wando sharkaf, ya ce duk tarbiyyarsa ce, kuma a shirye yake ya riƙe mata babban muƙami idan ta matsa. Ta dubi daɓen yana ƙyalli kamar madubi.

"Akwai gurbi, Baba," ta ce. "Mai shararmu ya bar aiki."