Rawar Titi da Silifan Ulu

Jama'a, ranar Asabar na koma gida da jiƙaƙƙen wando, kuma daga coci nake. Bari in ba ku labarin kafin Fernande maƙwabciyata ta riga ni, don ita labari ba ya kwana a bakinta bai yi ƙiba ba.

Ƙarshen makon kayan tarihi ne, lokacin da ake buɗe tsofaffin gine-gine kyauta, manyanmu su tuna suna da kakanni. Bana magajin garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ko bayan gida aka gina sai ya zo yanka zare, ya ce za a yi rawar titi a cikin tsohon cocinmu. Masu rawar su Maëlle ne, 'yar Fernande, yarinya mai gasa burodi da safe, da yamma ta kafa kai a ƙasa tana juyi kamar katantanwa. Tun bara 'yan sanda ke korarsu daga barandar cocin nan, wai suna damun baƙi. Ga sanyi na tafe, ba su da wurin gwaji. Aka ce in sun burge jama'a za a ba su mabuɗin tsohon zauren bayan kasuwa.

"Maƙwabci, sa rigarka mai kyau," in ji Fernande. "Yau 'yata ta zama al'ada."

"Jiya fa?"

"Jiya fitina ce."

A bakin ƙofa wani jami'i mai kati a wuya ya tare su, ya ce daɓen cocin ya girmi kakan kakansu, ba a taka shi da takalmin roba. Ya miƙa musu silifan ulu, irin wanda ake sa wa baƙi a gidajen tarihi.

Maëlle ta ce, "Yallaɓai, ai wannan santsi gare shi. Da me zan taka birki?"

Ya ce, "Da ladabi."

Shi kuwa Mai Girma ya shigo ƙwas-ƙwas da takalmi mai dundunniyar ƙarfe. Da alama dutse ya san na gida. Ya yi mana jawabi kan ƙaunar da yake wa matasa har ruwan sama ya gaji da jira ya kece. Ni ina zaune gaba, kusa da wasu manyan furanni da aka jera, ina yaba wannan ado.

Aka saki kiɗa. Gaskiya yarinyar nan ta iya. Ta miƙe a kan hannu ɗaya ƙarƙashin tagogin nan masu launi, cocin ya yi tsit, ni da na zo gunaguni sai ga ƙwalla a idona. Sai ta diro za ta tsaya, silifa ya ce bai san zancen ba. Ta sulale ta daki furannin. Ashe bokiti ne a bayansu, cike da ruwa. Rabi a wandona, rabi a takalmin Mai Girma.

Mutane suka fara leƙa bayan sauran furannin. Kowanne da bokitinsa, rufi na ɗiga a ciki, ɗis, ɗis. Rufin da aka yanka zaren gyaransa bara, har da 'yan jarida! Aka kwashe da dariya, aka tafa. Mai Girma ma ya tafa, don mai hoto na kallonsa.

Ranar Litinin na iske Fernande tana share ƙofar gida, ido jawur.

"Mabuɗin fa?"

"Kwamiti ya zauna," in ji ta. "Wai rawa haɗari ce ga kayan tarihi. Maëlle ko abinci ta ƙi ci."

"To wa za a ba zauren?"

"Ɗakin ajiya za a mai da shi. Bokitai da silifa."

Abin ya ƙona min rai, ba na ɓoye muku. Da yamma na bi ta gaban coci, na ga ɗan sanda yana korar Maëlle daga baranda, daidai ƙarƙashin ƙaton hotonta da aka manna na tallar bikin. Hoton kam ba wanda ya taɓa shi.

Amma kada mu zama marasa godiya. Aƙalla bana bokitan garinmu ba za su kwana cikin sanyi ba.