Shugaban da Ba Shi da Almakashi

"...da gajiyar hawa bene, amarya?"

"Gajiya tana gwiwa," in ji kakarsa, tana haki a ƙofar ofis. "Wane marar tausayi ne ya ɗora tela a hawa na huɗu?"

Ya ja mata kujera. Wata shida ke nan da ya sayar da gidan ɗinkinsa, har da tambarin da ake liƙa wa riguna, ga wani babban kamfani da ya riga ya haɗiye gidaje goma sha ɗaya. Suka bar masa sunan shugaba da kujera mai juyawa. Ita kuwa tsohuwar, a kan kekenta ya koyi ɗinki. Ta zaro riga daga leda ta jefa masa.

"Mijin banza, dubi abin da ka aiko mini. Hannun ya yi tsawo. Rage shi."

"Ke ce kike ƙanƙancewa. Baɗi a aljihu zan riƙa yawo da ke."

"Ɗauko almakashi dai."

Ya ja durowa, takardu ne da biro. Ya ja ta biyu, nan ma ba almakashi, ya mayar a hankali.

"Sai an cike takarda. Kuma sai masu kamfani sun yarda, kada a ɓata fasalin rigar."

"Ba kai na ji a rediyo kana cewa har gobe cin gashin kanka kake yi ba?"

"Shi nake ci mana." Ya cire hula ya shafa sanƙo. "Ba ki ga na kusa cinyewa ba?"

"Inuwar giginya. Ka suturta duniya, matarka tana yawo cikin buhu."

"Kada ki raina ni. Labulen nan ni na zaɓe shi da kaina, cikin biyun da suka aiko."

"Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To, ka bar musu benensu, ka buɗe wani shagon."

"Da wane suna? Nawa yana cikin cinikin. Shekara goma ba ni da ikon ɗinka shi a wuyan riga."

Ta tsaya tana kallonsa. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, shi ya sa tun yana goye take ce masa maigida. Ya sunkuyar da kai, ya ji kujerar ta yi masa girma.

"Sunan kakanka ka sayar?"

"Shi."

"Kuma aka samu mai saye?" Ta tafa hannu. "Shekara arba'in ina neman wanda zai karɓe shi kyauta, da minsharinsa da komai."

Dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. Ita kuwa ta zazzage jakarta a kan teburin gilashi, ta ware ƙaramin almakashi da allura da zare. Ya murza makulli a ƙofa, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Sau uku zare yana kuskure kafar allura, sai da ta karɓa ta zura masa, ba tabarau.

"Na sallama," ya ce. "Shugaba ya koma ɗan koyo."

Da ya gama, ta duba ɗinkin ta taɓe baki, sannan ta tura masa almakashin.

"Riƙe, na ba ka. In sun tambaya, ka ce na matarka ne, kuma ba ta sayarwa."